Gado ɗaya, majinyata uku: wa likita zai ɗauka idan annoba ta shigo Jabo?

Idan kai ɗan Jabo ne, ko Tambuwal ko Kebbe, ba sai an yi maka lacca a kan sanƙarau ba. Ka san lokacinsa: da hunturu ya ja jiki, zafi ya kankama, sai ka ji iyaye suna hana yara kwanan cunkoso a ɗaki. Abin da ba mu cika tattaunawa ba shi ne halin da ake shiga a cikin asibiti ranar da marasa lafiya suka fi magani yawa. Allurar da ta rage ta mutum ɗaya ce, ga mutum uku a kwance. Wa za a yi wa? Kuma wa ya koya wa likitan yadda zai zaɓa?

Kar ka ɗauka tambayar ta 'yan fim ce. Mun ga irinta a 2017. Cutar sanƙarau nau'in C ta taso daga Zamfara a ƙarshen 2016, ta bazu zuwa Sakkwato, Katsina, Kebbi da Neja. Kafin ta lafa a tsakiyar 2017, hukumar NCDC ta ƙirga mutum sama da 14,000 da ake zaton sun kamu, sama da 1,100 kuma suka rasu. A watan Maris na shekarar, Kebbe na cikin ƙananan hukumomin da kwamishinan lafiya na lokacin, Dakta Balarabe Kakale, ya lissafa a matsayin waɗanda cutar ta fi addaba, tare da su Bodinga da Rabah da Gada.

Matsalar ita ce, rigakafin da aka yi wa jama'a tun daga 2011 na nau'in A ne, ba ya kare mutum daga nau'in C. Na C ɗin kuwa ƙaranci yake yi a duniya baki ɗaya. Kashin farko da ya iso, allurai 500,000 ne, Zamfara aka fi karkata su. Daga baya Birtaniya ta ba da sama da 800,000, aka kawo Sakkwato, jihar da ke da mutum kusan miliyan biyar a lokacin. Yi lissafin da kanka. Dole aka zaɓa: aka sa yara da matasa a gaba, aka bi yankunan da cutar ta fi zafi. Wani ƙauye ya samu, na kusa da shi ya zuba ido.

Wannan rabon, ko da ɗacinsa, yana da ƙa'ida da aka zauna aka tsara a ofis, kuma mai yin allurar zai iya ce maka ga dalilin da ya sa aka tsallake ka. Rabon da ya fi wuya shi ne na bakin gado, da ƙarfe biyun dare, janareta ya ɗauke, ma'aikaci ɗaya ne a bakin aiki.

Turawa ma sai da korona ta zo suka ɗanɗana. A farkon Maris 2020, asibitocin arewacin Italiya sun cika maƙil, na'urorin taimaka wa numfashi suka gaza. Ƙungiyar likitocin sashen kulawar gaggawa ta ƙasar ta fitar da takarda, ta ce a fifita wanda ya fi yiwuwar rayuwa, har ta ce watakila a sa iyakar shekaru wajen shiga sashen. Aka yi ca a kanta, wasu suka ce an sallama tsofaffi ke nan. Amma lura da abu ɗaya: sun samu abin da za su yi jayayya a kansa, domin a rubuce yake.

Mu kuwa a nan, a Afrilun 2020 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta hau Twitter tana roƙon Elon Musk na'urorin numfashi, kafin ta goge saƙon. A watan ne Kano ta yi ta binne mutane, daga baya ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mace-mace 979, kuma rabi ko fiye na iya zama korona ce. Da yawansu a gida suka cika, lokacin da asibitoci masu zaman kansu da dama suka rufe ƙofa saboda tsoro. Wannan ma rabo ne, sai dai tsoro ne ya yi shi, babu likitan da ya duba ya ce wane ya fi wane buƙata.

Gaskiyar magana, a yankinmu ana wannan zaɓen kullum, ko babu annoba. Abubuwa uku ke yanke hukunci kafin likita ya buɗe baki. Na farko kuɗi: wanda zai iya sayen allurar seftiriyazon ta kwana biyar a kemis, ɗansa ya samu. Na biyu nisa: daga Tambuwal zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato tafiya ce ta kusan kilomita 100, wanda ya fito daga ƙauyukan Kebbe kuwa sai ya fara shan hanya a kan mashin kafin ya ga kwalta, alhali sanƙarau na iya kashe yaro cikin yini ɗaya. Na uku, wanda kowa ya sani ba a faɗa: sanayya. Waya ɗaya daga wani babba, sai gado ya samu. Ban ce ma'aikatan lafiya mugaye ba ne. Mutum ne kamar kai, a garin yake zaune, gobe zai haɗu da mai kiran a masallaci. Idan babu takardar da zai ɗaga ya ce "ranka ya daɗe, ga ƙa'ida", da me zai kare kansa?

Kuma fa kalmar "likita" ma mun faɗaɗa ta. A 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya ce likitoci kusan 55,000 suka rage a Najeriya, wajen 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara biyar. Waɗanda suka rage ma birane suka fi yawa. A ƙaramin asibitin ƙauye, wanda zai yanke wannan hukunci mai nauyi galibi nas ce ko jami'in lafiya na matakin farko. Don haka idan ana maganar horar da likitoci a kan rabon kaya lokacin annoba, aka tsaya a manyan asibitocin Sakkwato, to an bar Jabo a baya.

Ba wai babu ilimin ba ne. Tantance majinyata bisa tsananin ciwo tsohon abu ne, tun zamanin Dominique Larrey, likitan sojojin Napoleon, wanda ya ce a fara da wanda rauninsa ya fi tsanani ba tare da duba muƙami ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsari na yara da ke kasa su uku tun daga bakin ƙofa: na gaggawa, na kusa da gaggawa, da masu iya jiran layi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ma ta haramta a ƙi karɓar mai buƙatar agajin gaggawa. Amma duk waɗannan suna gaya maka wa za a fara gani ne. Ba su amsa tambayar da ta fi zafi ba: yara biyu duk suna haki, tukunyar iskar oksijin ɗaya ce. Za a cire wa wanda aka riga aka sa wa, idan aka ga ba ya farfaɗowa, a ba sabon zuwa? Wa zai gaya wa uwar?

A nan nake ganin ba za mu kwafi na Italiya kai tsaye ba. Ka je ka gaya wa mutanen Jabo cewa an fifita saurayi a kan dattijo saboda shekaru kawai, ka ga yadda za ta kaya. A ɗaya ɓangaren kuma, girmama manya na iya sa a ba mai gida kulawa a bar jaririya, alhali ita ce maganin zai fi yi wa amfani. A ra'ayina, abin dubawa shi ne wa maganin zai fi cetowa, ba shekarunsa ko gidansu ba. Idan biyu suka yi daidai, ƙuri'a ta fi sanayya adalci, kuma ba baƙuwa ba ce a wurinmu: malamai sun san Annabi (SAW) yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Akwai kuma ƙa'idar fiƙihu ta ɗaukar mafi sauƙin cuta biyu. Malamanmu na da abin cewa sosai a nan, in an gayyace su tun kafin gawa ta fara fita.

Ma'aikatan lafiya fa? Lokacin da allurar korona kusan miliyan huɗu ta sauka Abuja ranar 2 ga Maris 2021, su aka fara yi wa, kuma daidai ne: idan nas ɗaya tilo ta kwanta, gari ne ya kwanta.

Wani zai ce ai an samu ci gaba. Haka ne. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabon rigakafi mai kare nau'i biyar na sanƙarau. Amma a Maris 2025 cutar ta sake tashi a Gwandu da Jega da Aliero, maƙwabtanmu na jihar Kebbi, har aka rufe jami'ar Aliero bayan rasuwar ɗalibai. Allurai sama da miliyan ɗaya sun iso ƙasar a Afrilu, bayan an riga an yi makoki a gidaje da dama. Tsakanin ɓarkewa da isowar taimako akwai makonni, kuma a cikinsu ne ake wannan zaɓen.

To kai da ke karanta wannan a waya, akwai kwamitin ci gaban mazaɓa da ya kamata ya riƙa zama da shugaban asibitinku. Nemi sanin su waye a ciki, ka halarci zamansu kafin zafi ya shigo. Tambaye su allurar sanƙarau ta mutum nawa ce a ajiye, tukunyar oksijin nawa ke aiki, kuma idan kaya suka gaza wace ƙa'ida za a bi. Ka nemi a rubuta ta da Hausa da ajami, a manna a bakin ƙofar asibiti, inda mai rakiyar majinyaci zai iya karantawa.