Ciwon hannun masu aiki da kwamfuta a biro

Akwai wata cuta da ke bin ma'aikatan biro a ɓoye, wadda ba ta zuwa da zazzaɓi balle ta fid da jini, shi ya sa shugaban ma'aikata bai cika yarda da ita ba. Wata sakatariya da muka yi aiki tare ta daɗe tana farkawa tsakar dare tana yarfe hannu, ana ce mata sanyi ne, har ranar da kofin shayi ya suɓuce mata a gaban baƙi.

Cutar ba baƙuwa ba ce. Tun a 1713 wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya ƙara babi a kan magatakarda cikin littafinsa na cututtukan masu sana'a, inda ya ɗora laifin a kan dogon zama da maimaita motsi guda. A shekarun 1980 kuwa abin ya zama kamar annoba ga masu buga takardu a Ostareliya. Faransa ta sa irin wannan ciwo cikin jerin cututtukan aiki da ake biyan diyyarsu, a jadawali mai lamba 57.

Ga yadda abin yake. A wuyan hannu akwai ƴan ƙasusuwa 8 da suka yi wata ƴar ƙofa, agara 9 masu lanƙwasa yatsu da jijiya guda suna ratsa ta. In agara ta kumbura sai ta matse jijiyar, babban yatsa da manuni da na tsakiya da rabin na zobe su riƙa mutuwa, ko su yi kamar ana tsira musu allura, musamman da dare. Ƙaramin yatsa ba ya ciki, domin jijiyarsa dabam ce.

To mu yi ɗan lissafi irin na ajin yaƙi da jahilci. Mai buga kalma 40 a minti yana danna maɓalli kamar sau 200, watau 12,000 a awa, 60,000 cikin awa 5. Allon maɓallai da yawa na bukatar nauyin giram 60 kafin harafi ya fito, amma akwai masu laushi na giram 45, har da na 35 ko 30. Bambancin giram 15 kaɗai, in aka ninka shi sau 60,000, ya kai kilo 900, buhun gero 9 ke nan da yatsu ke ɗauka a banza kowace rana. Sai dai allo mai laushi ba ya amfanar wanda ya koyi aiki a tsohon keken rubutu kuma har yau yake dukan maɓalli kamar mai sussuka. Hannu ma sai an sake masa tarbiyya.

Mu da muke aiki da allon AZERTY na Faransa muna da ƙarin wahala, don ba a samun lamba a layin sama sai an riƙe maɓallin manyan baƙaƙe, kuma ƙ da ɗ da ɓ da ƴ ba su da gurbi, sai an haɗa maɓalli biyu ko uku. Ni da nake fassara kullum, shawarata ita ce a raba aikin: hannu ɗaya ya riƙe, ɗayan ya danna, kada a tilasta wa ƙaramin yatsa miƙewa. An kuma ƙera alluna masu rabuwa biyu don wuyan hannu ya zauna sak, kamar Maltron na Ingila a 1977 da Microsoft Natural a 1994.

Abin da Faransawa ke kira kusu, wanda ake ja bisa tebur, ya fi cancantar zargi. Wani bincike da aka buga a 2003 kan ma'aikata kusan 7,000 a Danmak ya sami alaƙa tsakanin alamun wannan ciwo da riƙe kusu sama da awa 20 a mako, bai kuwa sami irinta ga allon maɓallai ba. Akwai kusu na tsaye, wanda ake riƙewa kamar ana musafaha, akwai mai ƙwallo a sama da ake juyawa da yatsu, akwai kuma na alƙalami. Mai rahusa duka shi ne a koya wa hagu aikin, a riƙa canji.

Kayan nan suna da tsada, kuma ba kowane kasafi ke ɗaukarsu ba, amma gyaran zama kyauta ne. Gwiwar hannu ta zo daidai da tebur, kafaɗu a sake, tafin ƙafa a ƙasa, in kujera ta yi tsawo a sa ɗan katako. Gilashin kwamfuta ya yi nisan santimita 50 zuwa 70, bakinsa na sama daidai da ido. Tsofaffin kundaye biyu sun isa ɗaga shi. A kwantar da ƴan ƙafafun bayan allo, domin suna karya wuyan hannu sama. Kowane rabin awa a saki hannu na minti biyu.

Wanda mutuwar yatsu ke tayarwa daga barci, ko tsokar gindin babban yatsansa ta fara ramewa, ya je likita ba tare da jinkiri ba, a kuma duba masa ciwon sukari, domin shi da juna biyu suna jawo irin wannan matsi. Sau da yawa abin da ake fara ba shi ɗan takalmin wuyan hannu ne da zai riƙa ɗaurawa da dare.