Wa Zai Duba Masu Duba Makarantu?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili in ba 'yan'uwana malamai labarin wata gardama ta ƙasar Amurka, don na ga samarinmu suna ɗokin zuwa can neman ilmi.

A can ba Gwamnati ke duba jami'o'i da kanta ba. Waɗansu ƙungiyoyi ne masu zaman kansu ke aika mutane su dubi malamai da karatu da asusu, sa'an nan su ba da shaida, kuma makarantun ne ke biyansu. Tun 1952 Gwamnati ke lissafta waɗanda ta yarda da su. Bisa ga dokar 1965, makarantar da ba ta da shaidarsu ɗalibanta ba su samun rancen Gwamnati. Watau mai hatimin nan shi ke riƙe da mabuɗin baitulmali.

To, ga inda gizo ke saƙa. Wata ƙungiya, ACICS, ta ba makarantun Corinthian da ITT shaida, har suka rushe cikin 2015 da 2016, suka bar dubban ɗalibai da bashi. Ita kuwa ba a raba ta da hatimin ba ƙwata-ƙwata sai 2022.

Cikin Janairu 2024 wata wakiliya, Virginia Foxx, ta kawo shawarar doka, a bar jihohi su naɗa masu duba, a kuma auna makaranta da abin da ɗalibanta suka zama bayan sun fita. Majalisa ta tashi ba a zartar ba. Cikin Afrilu 2025 Shugaba Trump ya ba da umurni a karɓi sababbin masu duba, a sauƙaƙa wa makaranta sake nata.

Ni dai a ganina tambayar inda ɗalibai suka ƙare daidai ce. Amma kadan albashi ne mudun awo, ina makarantar horon malamai za ta sa kanta? Mu da muke cikin aikin mun san abin da ake ba mu ƙarshen wata. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne sake mai duba. Na daɗe ina duba jarrabawa, na kuwa tabbata da za a ce yaro ya zaɓi mai duba takardarsa, ba mai tsanani zai nufa ba.

Saboda haka wanda zai aika ɗansa can, kada ya tsaya ga jin an ce makaranta tana da shaida. Ya tambayi wa ya ba ta, tun yaushe, kuma wa ta bari kafin shi.

Naka,
Wani Malamin Makaranta, Zariya.