Mai Waƙa Ba Ya Jin Muryarsa

Daga Wakilinmu na Arewa

Jama'armu mazauna Ikko da Badun da sauran garuruwan Kurmi, waɗanda kan taru gaban akwatin talabijin bayan sallar isha'i, sun san irin gasar waƙar nan da ake tara samari da 'yan mata, kowa ya rera tasa a gaban alƙalai. An fara ta a Ingila a 2001 da sunan Pop Idol, ta haye Amurka a 2002, sa'an nan ta iso mana. A 2007 aka yi Idols West Africa wadda Timi Dakolo ya ci, Project Fame ta biyo baya a 2008, Nigerian Idol kuma a 2010.

To, amma ba gwanayen ne suka fi tsaya wa mutane a rai ba. Abin da aka fi hira a kai shi ne zagayen farko, inda za ka ga saurayi ya shigo da ƙwarin guiwa, ya buɗe baki, murya kamar ana jan kwano a kan siminti. Alƙalai su ce masa a'a, shi kuwa ya fita yana rantsuwa cewa hassada ce. Wanda ya fi shahara a wannan fanni shi ne William Hung, ɗalibin injiniya a jami'ar Berkeley, wanda ya gwada waƙar Ricky Martin a gasar Amurka ta 2004. Shi dai bai yi faɗa da kowa ba, ya karɓi hukunci cikin ladabi, kuma saboda haka mutane suka so shi har ya fitar da faifai a shekarar.

Mai karatu zai ce, shin ba su da kunne ne? Suna da shi. Sai dai mutum yana jin muryarsa ta hanya biyu, watau ta iska da kuma ta ƙasusuwan kansa, waɗanda kan ƙara mata kauri. Sauran jama'a ta iska kaɗai suke ji. Shi ya sa duk wanda aka ɗauki maganarsa a kaset aka kunna masa sai ya ce ba shi ba ne.

Akwai kuma abin da ya fi wannan zurfi. A 1999 wasu masana biyu na jami'ar Cornell, David Dunning da Justin Kruger, suka yi wa ɗalibai jarrabawar nahawu da hankalta da gane barkwanci, sa'an nan suka ce kowa ya kimanta kansa. Waɗanda suka zo can ƙarshe, da ba su fi mutum 12 cikin 100 ba, sun ɗauka sun fi mutum 62. Dalilin da masanan suka bayar shi ne, ilmin da ake bukata a yi abu daidai, shi ne dai ake bukata a gane an yi kuskure. Wanda kunnensa bai kama kaucewar murya ba, da me zai ji tasa ta kauce? Da aka koya wa waɗansunsu hankalta na ɗan lokaci, sai suka fara rage makin da suke ba kansu.

A ganina, babban laifin yana wuyan na kusa. Kafin yaro ya hau mota zuwa wurin gwaji, ya yi shekaru yana waƙa a gaban uwa da abokai, ba wanda ya iya ce masa wannan ba hanyarka ba ce. Kunya ta hana, sai aka bar wa baƙo ya faɗa masa a gaban duniya. Masu shirin ma ba su kuɓuta ba, domin akan tace masu gwaji tun kafin su ga alƙalai, kuma da gangan ake barin waɗansu marasa murya su wuce don a sami abin dariya.

Mu da muke dariyar fa? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Akwai mai shayi a Agege ko mai nama a Sabo da masu ciniki ke guduwa ɗaya bayan ɗaya, ya ce ƙabilanci ne ko sammu, alhali kuwa maƙwabcinsa ya san tsabta ce ta yi ƙaranci ko fuska ce ba sakewa. Ba alƙalin da zai zauna masa a kujera. A baƙon wuri kuwa abin ya fi tsanani, don mai gari ba zai gaya maka ba, wucewa kawai zai yi, ɗan'uwanka kuma yana tsoron kada zumunci ya ɓaci a inda ba ku da kowa sai juna.

Masu hukunci su ma suna da nasu makantar. A gasar da aka kori William Hung, ƙuri'ar masu kallo ta fitar da Jennifer Hudson a matsayi na 7, a 2007 kuma ta karɓi lambar Oscar. A 2009 'yan kallo a Birtaniya suka soma yi wa Susan Boyle dariya tun ba ta buɗe baki ba, saboda shekarunta da shigarta, da ta rera sai ɗaki ya miƙe tsaye. Irin wannan ce gasar The Voice, wadda aka ƙirƙiro a Holan a 2010 ta iso Nijeriya a 2016, ta nemi magancewa: alƙalai kan juya wa mai waƙa baya, ba sa ganin fuskarsa sai muryar ta sa sun danna maɓalli kujera ta juyo.