Doguwar Bindiga Ba Ita Ce Mai Dogon Zango Ba

Akwai maganar da ta zauna daram a bakin maharba, manya da yara: wai gwargwadon tsawon bututun bindiga, gwargwadon nisan da za ta kai da ƙarfin da za ta daki nama. In aka ajiye bindigogi biyu gaban mai saye, ɗaya mai bututu inci 32, ɗaya mai inci 26, doguwar hannunsa zai nufa, ko da ta fi tsada, ko da ta fi jin jiki. Gajeruwar kuwa sai a ce ta kurciya ce, ba ta dinya ba. Ba a ƙasar Hausa kaɗai ake wannan magana ba. Maharban agwagin ruwa na Amurka da na Ingila sun daɗe suna yin ta. Ina ganin girman masu faɗinta, domin da yawansu sun fi ni sanin dawa nesa ba kusa ba. Amma a kan bindigar farauta ta zamani, wadda ake ɗura wa harsashi mai ƙwayoyin dalma barkatai a ciki, maganar ba haka take ba, kuma riƙo da ita yana jawo asarar kuɗi da asarar nama.

Sai dai kafin a musa ta, a ba ta haƙƙinta, domin ta taɓa zama gaskiya. Bindigogin da fataken Turai suka yi ta saukewa a gaɓar tekun Afirka ta Yamma a ƙarni na 18 da na 19, waɗanda maƙeranmu suka kwaikwaya har muka samu bindigar toka, baƙin albarushi suke ci. Baƙin albarushi kuwa, fiye da rabinsa hayaƙi da dauɗa yake komawa idan ya kama, ragowar ce ke zama iskar da ke tura dalma. Dole a zuba shi da yawa, kuma wanda ake kawowa kasuwannin Afirka galibi ba mai kyau ba ne. Irin wannan albarushi yana son doguwar hanya da zai yi ta tura dalmar kafin ta fita. In bututun ya gajarce, wani kaso nasa a banza yake tafiya, wuta ce kawai a bakin bindiga. Saboda haka dattijon da ya ce wa jikansa ya nemi doguwa, abin da idonsa ya gani ya faɗa. Har gobe, ga mai bindigar toka, shawarar tana da tushe.

Abin da ya sauya shi ne albarushin. A 1884 wani Bafaranshe masanin sinadarai, Paul Vieille, ya fito da albarushi marar hayaƙi, kuma kafin a yi nisa cikin ƙarni na 20 irinsa ya mamaye harsasan farauta. Wanda ake zubawa a harsashin bindiga mai watsa dalma mai saurin ci ne ƙwarai. Yana gama aikinsa tun a farkon bututu, kusa da hannun maharbi, ta yadda kafin dalmar ta yi tafiyar inci 20 ta riga ta samu kusan duk gudun da za ta samu. Ƙwayoyin suna barin bakin bindiga da gudun mita 370 zuwa 400 a daƙiƙa guda. Kowane incin da aka ƙara bayan nan bai fi mita biyu ko uku yake ƙara wa wannan gudu ba. Tsakanin inci 26 da inci 32 ke nan bambancin bai kai kashi biyar cikin ɗari ba, kuma ana samun fiye da haka tsakanin harsashin wannan kamfani da na wancan a bindiga ɗaya.

Ɗan ƙarin ma ba ya isa wurin naman. Ƙwayar dalma dunƙulalliya ce, ba ta da tsini irin na harsashin bindigar soja, don haka iska tana cin ta sosai, kuma wadda ta fi gudu ita iska ta fi ci. Kafin ƙananan ƙwayoyi su kai yadi 40, kusan rabin gudunsu ya tafi, ratar da ke tsakanin ta doguwar bindiga da ta gajeruwa kuma ta tsuke har zabuwa ba za ta san bambanci ba.

To, maharban da suka rantse cewa doguwarsu ta fi kayar da tsuntsu daga nesa, ƙarya suke yi? Ko kaɗan. Nan ne ma gaɓar maganar take. Shekara da shekaru masana'antun bindiga suna da wata al'ada: bututu mai tsawo, inci 30 ko 32, sai su matse bakinsa sosai, domin sun san masu harbin dinya da agwagi ne za su saya, mai inci 26 kuma sai su bar bakinsa a sake don masu harbin tsuntsun da ke tashi daga ƙarƙashin ƙafa. Maharbi ya harba doguwa ya ga ta kayar daga nesa, ya harba gajeruwa ya ga ta watsar. Abin da ido ke gani shi ne tsawo, sai yabo ya tafi can. Wanda ya yi aikin kuwa yana ɓoye a cikin inci biyu ko uku na ƙarshen bututun, inda ramin yake ɗan tsukewa. Masu sana'ar suna kiran wannan matsin baki cok.

Duk manomin rani ya san abin: ƙara wa tiyo tsawo ba ya sa ruwa ya tafi a dunƙule, amma da zarar ka matse bakinsa da yatsa sai ya miƙe wuri guda. Matsin da ake magana a kai ba wani mai yawa ba ne. Faɗin ramin bindiga mai lamba 12, wadda ta fi yawa a hannun mutane, kimanin milimita 18.5 ne, cikakken matsi kuma bai fi milimita ɗaya yake ragewa ba. Amma wannan milimita ɗaya ta fi inci shida na ƙarfe tasiri. Wani maƙerin bindiga na Ingila, William Pape, ya yi wa dabarar rajista a 1866. A Amurka ana danganta ta ga wani maharbin agwagi na jihar Ilinoi, Fred Kimble. Wanda ya fito da ita fili shi ne W. W. Greener na birnin Bamingam: a gwajin da mujallar The Field ta shirya a 1875, bindigoginsa masu matsattsen baki ne suka yi zarra, daga nan sauran maƙera suka bi sahu.

Akwai ma'aunin da aka amince da shi tun wancan zamani. Ana kafa takarda a yadi 40, a harba, a zana da'ira mai faɗin inci 30 a inda hujin ya fi yawa, sannan a ƙirga. Bututu mai cikakken matsi yana zuba kimanin kashi 70 cikin ɗari na ƙwayoyinsa a cikin da'irar. Mai rabin matsi kashi 60, mai ɗan matsi kashi 50, wanda ba shi da matsi ko kaɗan kashi 40. A ce harsashin na ɗauke da ƙwaya 250: na farko ya zuba 175, na ƙarshe 100. A nan nisan kisa yake. Tsuntsu ba ya faɗuwa sai ƙwaya uku ko huɗu sun same shi, ɗaya ta taɓa makasa, kuma in ƙwayoyin suka yi tazara da juna sai ya ratsa ta tsakaninsu ya wuce. Bututu inci 26 mai cikakken matsi zai cika da'irar nan fiye da inci 32 mai sakakken baki, a kowace rana.

An taɓa yin wannan musu da zafi a Landan. A shekarun 1920 maƙerin bindiga Robert Churchill ya yi ta tallata wata ƙira mai bututu inci 25, a lokacin da inci 30 ne yayi. An yi ta caccakarsa a jaridun maharba. Masu sukar sun samu abin faɗa a kan yadda bindigar ke zama a hannu, amma a kan kisa ba su samu ba, domin tsuntsaye sun ci gaba da faɗowa, kuma har yau ana neman irin wannan ƙira.

Mai karatu zai iya cewa: in haka ne, me ya sa gwanayen harbin faifai, waɗanda bindiga ce sana'arsu, suke riƙe dogaye? Tambaya ce mai kyau. A wasannin Olamfik ana cilla faifai mai faɗin milimita 110, kuma doka ta taƙaita dalmar kowane harsashi ga giram 24. A rukunin da ake kira tirap, inda faifan ke guje wa maharbi, mafi yawa inci 30 ko 32 suke riƙewa. A rukunin sikit, wanda ya shiga Olamfik a 1968, inda faifan ke gilmawa kusa, inci 28 zuwa 30 aka fi gani. Dalilinsu ba gudun dalma ba ne. Dogon bututu yana da nauyi a gaba, don haka in ka fara bin abin harbi da shi ba ya tsayawa cak a lokacin da ka ja kunama, kuma tsayawar nan ce ke sa a harbi bayan tsuntsu. Yana kuma nisanta ƙarar daga kunne, ya sauƙaƙa wa ido saiti. Wannan amfani ne na gaske, ban musa shi ba. Amma amfanin hannu ne da ido. Idan waɗannan gwanaye suna son ƙarin zango, matsin baki suke sauyawa: mai tirap yana amfani da matsattse, mai sikit kuma kusan a sake. Tun shekarun 1960, lokacin da kamfanin Winchester ya yaɗa matsin da ake ɗaurawa a cire, bututu ɗaya yana iya yin aikin uku.

Bayan matsi, sai girman ƙwaya. Babbar ƙwaya ta fi riƙe ƙarfinta a nesa, amma ta fi ƙaranci a cikin harsashi. Ƙarama ta fi cika da'ira, amma ta fi saurin gajiya. Kurciya da hasbiya ƙanana suke so, fakara da zabin daji matsakaita, dinya manya. Ko an daidaita duk wannan, bindiga mai watsa dalma makamin kusa ce. Daga yadi 40 zuwa 45 al'amarin ya fara komawa sa'a. A nan ne maganar doguwar bindiga ta fi damuna. Wanda ya yarda cewa doguwarsa tana kaiwa inda ta wasu ba ta kaiwa, shi ne zai ɗaga ta ga garken kirinjijiya a yadi 70. Wata rana ɗaya za ta faɗo, ya yi ta ba da labari. Waɗanda suka tafi da ƙwaya ɗaya ko biyu a ciki, suka je suka mutu a cikin ciyawa bayan kwana biyu, ba wanda ya ƙirga su. Sun zama mushe, ba a ci ba, ba a bar su sun hayayyafa ba, an kuma azabtar da rai ba dalili. Dajinmu bai da yawan naman da za a yi masa irin wannan ɓarna.

Kada kuma a fita daga wani kuskure a faɗa wani, a ce to, cikakken matsi shi ne komai. A yadi 15 ko 20 matsattsen baki yana tara ƙwayoyin wuri ɗan ƙarami: ko ka kuskure gaba ɗaya, ko ka dagargaza naman. Mai bin fakara da zomo a cikin sarƙaƙiya, sakakken baki da bututun da ba ya sarƙewa a reshe sun fi masa.

Wajibi ne in yi gargaɗi biyu. Cewa tsawo ba ya ƙara zango ba izini ba ne a sa zarto a rage bututu. Wanda ya yanke baki ya yanke matsin da ke tara masa dalma, ya mai da bindigar kirki ta zama marar amfani, kuma yana iya faɗawa hannun hukuma: dokar makamai ta Najeriya ta 1959, wadda ta wajabta lasisi, ta hana gajarta irin wannan bututu ƙasa da inci 20, a Birtaniya iyakar inci 24 ce, a Amurka 18. Na biyu ya fi haɗari. Kada a kuskura a farke harsashin zamani a juye albarushinsa cikin bindigar toka don neman ƙarfi. Ƙarfen ba a yi shi don wannan matsin iska ba, yana iya tarwatsewa a fuskar mai shi.

Roƙona ga shugabannin ƙungiyoyin maharba da kowane mai bindiga da lasisi shi ne a daina musu a gindin bishiya, a je a gwada, gani ya kori ji. A samu babban kwali ko buhunan siminti da aka farke aka haɗa, a kafa a wurin da tudun ƙasa ke bayansa, ba mutum ba dabba, a auna yadi 40 da igiya. Kowa ya harba sau uku da harsashin da ya saba fita da shi, kowane harbi da sabuwar takarda, a zana da'irar inci 30, a ƙirga huji. Sannan a matso yadi 30, a sake. Nisan da ka ga giɓin da zabuwa za ta iya ratsawa ya fara bayyana a takardarka, nan ne iyakar bindigarka, ko inci nawa ne bututunta. Kada ka ɗaga ta ga abin da ya wuce nan.