Siffofi Masu Bin Yawa da Marasa Bin Yawa: Matsalar "Nauyi" da "Zafi" a Darasin Kimiyya

A wannan sashe za mu duba wani rabe-rabe da masana kimiyya suke yi wa siffofin abubuwa, wanda duk mai tsara manhajar kimiyya cikin Hausa sai ya ci karo da shi, ko da kuwa ba a ambaci sunansa a darasi ba. Siffofin da ake iya aunawa a jikin abu sun kasu gida biyu. Akwai waɗanda suke ƙaruwa ko su ragu gwargwadon yawan abin, kamar nauyinsa da tsawonsa da girman gurbin da ya cike. Akwai kuma waɗanda ba ruwansu da yawa, kamar launi da tauri da matakin zafin da abu yake narkewa ko tafasa. Bajamushe Georg Helm ya yi amfani da wannan rabo a 1898, sannan Ba'amurke Richard Tolman ya fito da shi fili a 1917. Mun zaɓi mu kira kashin farko "siffa mai bin yawa", na biyu kuma "siffa marar bin yawa".

Hanyar gane su ba ta buƙatar ɗakin gwaji. A kawo ruwa lita ɗaya, a raba shi daidai cikin kwano biyu, a tambayi ɗalibai abin da ya sauya. Nauyin kowane kwano ya koma rabi, haka ma gurbin da ruwan ya cike. Amma in ruwan yana kan digiri 40 ne a ma'aunin Salshiyas, kowane kwano yana nan kan 40, bai koma 20 ba. In kuma aka juye su wuri guda, nauyin biyu sai ya haɗu, matakin zafin kuwa ba zai zama 80 ba. A nan ne yara suka fi yin tuntuɓe, domin darasin lissafi ya saba musu da cewa duk lambobi biyu da suka haɗu tarawa ake yi.

Abin da ya fi damunmu shi ne, Hausa tana da kalmomi biyu da kowacensu take ɗauke da siffa daga gidajen nan biyu a lokaci guda. Ta farko ita ce "nauyi". Idan Bahaushe ya ce buhun masara ya fi tiya nauyi, yana maganar siffa mai bin yawa ce. Idan kuwa ya ce ƙarfe ya fi auduga nauyi, bai faɗi yawan ƙarfen ko na audugar ba, kuma kowa ya gane nufinsa: in an cika mazubi iri ɗaya da kowannensu, na ƙarfe zai rinjaya. Saboda haka yaron da aka tambaya tsakanin kilo ɗaya na ƙarfe da kilo ɗaya na auduga wanne ya fi nauyi, ya ce ƙarfe, ba wauta ya yi ba. Ya amsa da ma'ana ta biyu alhali an tambaye shi ta farko. Muna ba da shawarar a bar wa ma'anar farko kalmar "nauyi", ta biyu kuma a ce mata "nauyin awo", wato nauyin abin da ya cike awo guda tsayayye. Nauyin awon ruwa kusan giram 1 ne a kowace mililita, na ƙarfe 7.9, na jan ƙarfe kusan 9, na zinariya 19.3, na man gyaɗa kuwa kusan 0.9, wanda shi ya sa yake tasowa saman ruwa ko cokali ɗaya ne ko jarka guda.

Abin lura a nan shi ne, ana samun nauyin awo ne ta raba nauyi da girman gurbi, wato siffa mai bin yawa da wata mai bin yawa, sai sakamakon ya fito marar bin yawa. Ɗalibi ya san wannan tun daga kasuwa. Kuɗin da aka biya yana bin yawan geron da aka saya, adadin mudu ma haka, amma farashin mudu ɗaya bai sauya ba don an sayi biyu ko ashirin, in dai ba a yi ragi ba.

Kalma ta biyu ita ce "zafi", kuma ta fi ta farko rikitarwa. Butar shayi da tukunyar biki duk suna tafasa kan mataki ɗaya, amma itacen da suka ci ba ɗaya ba ne. Kilo ɗaya na ruwa yana buƙatar kimanin jul 4,200 na makamashi kafin ya hau digiri ɗaya, kilo ashirin kuwa sai an ninka haka sau ashirin. Tartsatsin da yake tashi daga injin wasa ƙarfe yakan haura digiri 1,000, ya faɗa wa mutum a hannu ya ɗan ji tsikari kawai, alhali kofin tafasasshen ruwa mai digiri 100 yana iya saɓule fata. Matakin tartsatsin ya fi, amma makamashin da yake ɗauke da shi kaɗan ne ƙwarai. Don haka ya kamata littafin ɗalibi ya riƙa cewa "matakin zafi" ga abin da ma'auni yake nunawa, "yawan zafi" kuma ga makamashin da ya shiga abu ko ya fita, kada a bar "zafi" ita kaɗai a cikin tambayar jarrabawa.

Mun yi tunanin kiran kashi na biyu "siffa tsayayya", domin ta fi daɗin faɗa, amma muka janye. Siffar ba ta bin yawa ne kawai, ba wai ba ta sauyawa ba ce. Ruwa yana tafasa kan digiri 100 a Legas da take bakin teku, a Jos kuwa, mai tudun kimanin mita 1,200, yana tafasa wajen digiri 96 saboda raguwar matsin iska. Malamin da ya koyar da "tsayayya" a Jos, ma'aunin da ke hannun ɗalibinsa zai ƙaryata shi.

Amfanin siffofi marasa bin yawa shi ne da su ake gane ko mene ne abu. In aka ce wani ƙarfe giram 50 ne, ba a faɗi irinsa ba, amma in aka ce nauyin awonsa 19.3 ne, an kusa kama sunansa. An kusa ne muka ce, domin ƙarfen tangistan ma nauyin awonsa kusan haka yake, kuma akan lulluɓe shi da zinariya a cuci mai saye. Sai an haɗa da wata siffar: zinariya tana narkewa kan digiri 1,064, tangistan kuwa sai ya haura 3,400.

Dangane da tsarin manhaja, muna ganin a fara gwajin rabawa biyu tun a manyan azuzuwan firamare, da ruwa da yashi da sabulu, ba tare da an ba yara sunayen kason ba. Sunayen da lissafin nauyin awo su jira ƙaramar sakandare, bayan ɗalibi ya ƙware a rabawa da lambobi masu ɗigo.