Ko Ka San Kwamfuta Tana Da Rajistar Duk Manhajar Da Ke Riƙe Da Fayil?

Ka zo goge fayil, ko sauya masa suna, ko cire filashi, sai kwamfuta ta ƙi, ta ce wata manhaja na amfani da shi. Wace ce? Sau da yawa Windows ba ta faɗi sunanta. Galibin mutane kashe na'urar suke yi su sake kunnawa. Hakan yana warware matsalar a lokacin, amma ba a gano tushenta ba, kuma gobe za ta dawo.

Alhali amsar tana cikin kwamfutar. Babu manhajar da ke buɗe fayil da kanta. Sai ta nemi izini a wurin babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, ita kuma ta ba ta wata lamba ta riƙo, ta rubuta a rajista, kamar yadda ma'aikacin laburare ke rubuta sunan wanda ya ari littafi. Matuƙar lambar na hannunta, tana iya hana kowa goge fayil ɗin ko matsar da shi. Kariya ce, don kada a lalata abin da ake tsakiyar rubutawa.

Duba rajistar ba wuya. A Windows, buɗe Resource Monitor, shiga sashen CPU, ka rubuta sunan fayil ɗin a akwatin bincike na Associated Handles, nan take sunan manhajar zai fito. Akwai kuma Process Explorer na Mark Russinovich, wanda ya kafa Sysinternals tare da Bryce Cogswell a 1996, kafin Microsoft ta saye kamfanin a 2006. Kyauta ne, kuma da zarar ka danna Ctrl da Shift da F ka sa sunan fayil ɗin, zai nuna maka. A 2022 Microsoft ta ƙara File Locksmith cikin PowerToys, wanda ke yin aikin da danna ɓangaren dama na linzami a kan fayil ɗin. Yawanci za ka tarar manhajar kashe ƙwayoyin cuta ce ke bincikensa, ko OneDrive na loda shi, ko Word da ka zaci ka rufe amma tana aiki a ɓoye.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tsarin Linux. Can za ka iya goge fayil ko da wata manhaja na riƙe da shi. Sunan ne kawai zai ɓace, bayanan kuwa suna nan sun tare wuri har sai mai riƙon na ƙarshe ya saki. Shi ya sa mai kula da saba zai goge ƙaton fayil, ya duba ya ga ma'adanar tana nan cike. Umarnin lsof, wanda Vic Abell na Jami'ar Purdue a Amurka ya rubuta, shi ke fito da irin waɗannan fayilolin da masu riƙe da su.

Sai dai a yi hattara. Process Explorer yana ba ka damar ƙwace lambar riƙon da ƙarfi. Kada ka yi. Windows na iya sake ba da wannan lambar ga wani fayil dabam, ita kuwa manhajar ba ta san an ƙwace ba, sai ta ci gaba da rubutu a inda bai dace ba, ta lalata maka bayanai. Idan ka gano manhajar, ka adana aikinka, ka rufe ta yadda aka saba, sannan ka goge fayil ɗinka.