Littattafan da ke kai mutum bulaguro yana zaune a ɗaki

Idan tsadar mota, ko damina, ko fargabar hanya ta tsare mutum a gida, ƙagaggen labari kan zame masa abin hawa. Marubutan Hausa sun gane haka tun gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933.

A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai karatu yana bin ayari ne daga Kano ya ratsa Sahara zuwa Misira, yayin da mahaifiyar Umar ke neman ɗanta ta Murzuk har Tarabulus. Hanyar fatake ce ta gaske, wadda aka bi da tufafi da fatu, aka kuma kora bayi. Ɗan kasuwar yau zai ga irin wahalar da magabatansa suka sha kafin riba ta samu.

Ruwan Bagaja na Abubakar Imam kuwa yawo ne na raha: Alhaji Imam ya bar Kwantagora neman ruwan magani, yana ta karo da Malam Zurƙe gari bayan gari.

Wannan tafiya ba ta bukatar guzuri. Fitila da natsuwar dare sun wadatar.